Shirya Kurman Yaro Shiga Firamare Tare da Masu Ji: Tambayoyi da Amsoshi

Yaron da ba ya ji, ta ina zai koyi magana?

Yawancin yaran da ake kira kurame suna da ɗan ragowar ji, kuma bakinsu lafiya lau yake. Rashin jin magana ne ya hana su kwaikwayonta. Ana auna ji da ma'aunin desibel: hira ta yau da kullum tana kai kusan 60. Na'urar ƙara ji tana taimakon mafi yawansu, amma wanda kurmancinsa ya haura desibel 90 sau da yawa sai an dasa masa na'ura cikin kunne ta hanyar tiyata.

Yaushe ya kamata a fara?

Ƙa'idar masana ita ce a gwada jin jariri kafin wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Ƙwaƙwalwa ta fi karɓar sauti a shekaru 3 na farko. Abin da ya fi cutar da yaranmu shi ne jira, a yi ta cewa nauyin baki ne, ko gadon gidansu ne. Yaron da ya tashi daga sanƙarau kuwa a gwada shi cikin gaggawa, domin cutar tana iya daskarar da cikin kunne ya zama ƙashi, dashen ya yi wuya. Haka ma a gwada wanda ya yi ƙyanda, ko shawara mai tsanani yana jinjiri.

A Bauchi a fara da sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

An sa na'ura, sai me?

Nan aikin ya fara. Yaro ya sa ta duk lokacin da idonsa biyu. Kowace safiya uwa ta tsaya bayansa kamar taku ɗaya, ta furta sautuka 6 ɗaya bayan ɗaya: a, u, i, m, sh, s. Ya ɗaga hannu ko ya jefa tsakuwa a kwano duk wanda ya ji. In jiya ya ji "s" yau bai ji ba, a duba batir, a duba ko dattin kunne ya toshe bututun. In na'urar tana fito, robar da ke shiga kunne ce ta yi masa kaɗan, don kunnen yaro girma yake. Sai an sake auna wata. Gumin bazara da ƙurar hunturu suna kashe ta, saboda haka a goge ta da dare, a buɗe gidan batir, a ajiye ta a busasshen mazubi.

Sannan magana. A kashe rediyo da talabijin, a matso kusa, a yi magana da murya daidai, ban da ihu, don ihu yana murguɗa sauti. Ana tuƙa tuwo a faɗa, ana wanka a faɗa. In an yi tambaya a yi shiru a ba shi lokacin amsawa.

Kallon leɓe bai wadatar ba?

A Hausa bai wadatar ba. "Bari", "ɓari" da "mari" kamanninsu ɗaya a leɓe. Kukan yaro da kukar miya kuwa karin sauti ne kawai ya raba su, ido ba ya ganinsa. Shi ya sa ake fara furta kalma yaro ya saurara, kafin a nuna masa abin.

Ta yaya za a san ya isa shiga aji?

Haddar kalmomi ba ita ce shaida ba. A ce masa, ba tare da nuni ba: "Ɗauko takalminka ka kai wa Yaya." In ya bi, yana haɗa jimla, baƙo yana gane maganarsa, kuma yana iya cewa "ban ji ba, a maimaita", to ya kama hanya. A gana da malamin aji kafin a buɗe makaranta: yaro ya zauna layin gaba, nesa da taga da fanka, malam kada ya yi bayani yana fuskantar allo, ya riƙa maimaita amsar ɗaliban baya.

Maganar hannu tana hana magana da baki?

Ba ta hanawa. Yaron da aka gano a makare, ko wanda na'ura ba ta kai shi ga jin magana ba, a koya masa maganar hannu tun yau, mutanen gida ma su koya, a nema masa makarantar da ake koyarwa da ita.