PBIS: Tsarin Kyautata Ɗabi'ar Ɗalibai a Makaranta Baki Ɗaya

PBIS (Positive Behavioral Interventions and Supports) taƙaitaccen suna ne na Turanci da ake kiran wani tsarin tarbiyyar ɗalibai da ya samo asali a Amurka. Ginshiƙinsa uku ne: a koya wa yara halin da ake so a fili kamar yadda ake koya musu lissafi, a yaba musu idan sun aikata shi, sannan a riƙa tattara bayanan laifuffuka don hukumar makaranta ta san inda matsala take. Ba littafi ne da malami zai buɗe ya karanta wa aji ba. Tsarin aiki ne da ya hau kan kowa, daga shugaban makaranta har mai raba abinci da direban motar ɗalibai. Cibiyar da ke kula da shi ta ce makarantu fiye da 25,000 ke aiki da shi a Amurka. Shaidar bincike a kansa ta fi ƙarfi a ɓangaren ladabtarwa, a ɓangaren sakamakon jarrabawa kuwa ba ta kai haka ba.

Asali

Tushen tsarin yana cikin ilimin nazarin ɗabi'a da ake jingina wa B. F. Skinner, wanda ya nuna cewa halin da ya jawo wa mai shi abin da yake so yakan maimaitu. Amma ba a ajin makaranta aka haifi tsarin ba. A shekarun 1980 muhawara ta yi zafi tsakanin masu kula da mutanen da ke da naƙasar ƙwaƙwalwa mai tsanani, kan hanyoyin azabtarwa da wasu cibiyoyi ke bi don hana su cutar da kansu: fesa ruwa a fuska, ɗaurewa, killacewa a ɗaki, har da jona wa mutum lantarki. Wasu masana, ciki har da Robert Horner na Jami'ar Oregon, suka tsaya a kan cewa akwai hanyar da ba ta zubar da mutuncin ɗan Adam, kuma a 1990 suka fitar da wata maƙala da ta zayyana ta.

Hujjarsu ita ce kowane hali yana da abin da yake nema wa mai shi. A ɗauki yaron da yake jifa da littafi duk lokacin da aka fara darasin lissafi. Malama ta kore shi waje, a ganinta ta hukunta shi. Shi kuwa abin da yake nema ke nan, domin ya tsira daga darasin da ba ya ganewa, kuma gobe zai sake. Maganin shi ne a gano dalilin, a sauƙaƙa masa aikin, a koya masa ya ɗaga hannu ya nemi taimako ko hutun minti biyu. Wannan tunani ne ya zama zuciyar tsarin gaba ɗaya.

Wajen ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990, George Sugai da Geoff Colvin da Edward Kame'enui, su ma a Oregon, suka fara gwada ɗaukar dabarar daga kan yaro ɗaya zuwa makaranta sukutum. Sun lura cewa shirin da aka tsara wa yaro guda yakan rushe idan makarantar kanta a hargitse take, kowane malami da dokarsa. A 1996 Hill Walker da abokan aikinsa suka aro fasalin rigakafi mai hawa uku daga fannin kiwon lafiyar jama'a suka ɗora shi a kan makarantu.

A daidai wannan lokaci Amurka ta nufi wata hanya dabam. Dokar tarayya ta 1994 ta wajabta korar shekara guda ga ɗalibin da ya shigo makaranta da bindiga, kuma gundumomi da yawa suka faɗaɗa manufar ba-sani-ba-sabo zuwa faɗa, rashin kunya da ƙananan laifuffuka. Dakatar da ɗalibai ya yawaita. Wani kwamitin Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka ya ba da rahoto a 2008 cewa babu shaidar da ta nuna wannan tsanani ya ƙara wa makarantu aminci. PBIS ya bunƙasa ne a matsayin amsa ga wannan yanayi.

Gyaran da aka yi wa dokar ilimin yara masu naƙasa, IDEA, a 1997 ya ambaci dabarun kyautata ɗabi'a da sunansu. Shekara guda bayan haka Ma'aikatar Ilimi ta ƙasar ta ba da kuɗin kafa cibiyar ƙasa mai horar da jihohi da gundumomi, ƙarƙashin jagorancin Horner da Sugai.

Misalin Fern Ridge

Makarantar da aka fi ambata a tarihin tsarin ita ce ƙaramar sakandaren Fern Ridge da ke Elmira a jihar Oregon, mai ɗalibai ɗari biyar da ɗoriya. A tsakiyar shekarun 1990 malamanta suka amince da dokoki biyar, daidai yatsun hannu: girmama mutane, ɗaukar nauyin aikinka, zuwa a kan lokaci cikin shiri, bin umarni, da kame hannu da ƙafa daga jikin wani. A ranakun farko na shekarar karatu aka raba ɗalibai rukuni-rukuni, aka zagaya da su baranda, ɗakin cin abinci, zauren wasanni da wurin hawa mota. A kowane wuri malamai suka nuna yadda ake yi da yadda ba a yi, yara suka gwada da kansu, wanda ya yi daidai aka miƙa masa tikitin yabo. Rahoton da aka buga a 1997 ya nuna cewa tura ɗalibai ofis ya ragu da kashi 42 cikin ɗari a shekara guda. Babu makarantar da aka kwatanta ta da ita, don haka ba hujja ce yankakkiya ba, amma ita ta jawo hankalin jama'a.

Yadda ake gudanar da shi

Makaranta takan kafa kwamiti da ya haɗa da shugaba da wakilan malamai, kuma ana son aƙalla kashi 80 na ma'aikata su yarda kafin a fara. Ana zaɓar dokoki uku zuwa biyar, a faɗe su da lafazin abin da za a yi, wato "yi tafiya a hankali" a madadin "kada ka yi gudu". Kulawar da ake ba ɗalibai hawa uku ce. Hawa na farko na kowa ne, kuma ana sa ran zai wadaci kimanin kashi 80 na ɗalibai. Hawa na biyu na kimanin kashi 15 ne masu buƙatar ƙarin kulawa. Sanannen shiri a nan shi ne yaro ya fara zuwa wurin wani babba da ya saba da shi da safe, ya karɓi kati, kowane malami ya ba shi maki a ƙarshen darasi, da yamma ya dawo su duba tare, ya kai wa iyayensa su sa hannu. Hawa na uku na kimanin kashi 5 ne, inda ake tsara wa kowane yaro nasa shirin. Waɗannan alƙaluma ƙiyasi ne na jagora, ba doka ba.

Yadda ake auna shi

Mai tantancewa yana da tambayoyi biyu, kuma ta farko ita ce aka fi mantawa: shin an ma aiwatar da tsarin? Makarantu da yawa sun manna allunan dokoki a bango suka tsaya nan. Ma'aunin da ake kira SET, wanda aka wallafa ingancinsa a 2004, yana buƙatar wani baƙo ya ziyarci makarantar, ya zanta da shugaba, sannan ya tsayar da malamai aƙalla 10 da ɗalibai aƙalla 15 ba tare da zaɓe ba. Yakan tambayi yaro: mene ne dokokin makarantarku? An yaba maka kwanan nan? Makarantar da ta sami kashi 80 a jimilla da kashi 80 a sashen koyar da dokoki ita ake ɗauka ta cika sharaɗi. Wani ma'auni da ya zo daga baya, TFI, yana amfani da kashi 70.

Tambaya ta biyu ita ce ko an sami canji. Babban abin ƙirge shi ne takardar da malami ke cikewa idan ya tura ɗalibi ofis. Manhajar SWIS ta Jami'ar Oregon tana rarraba waɗannan takardu bisa nau'in laifi, wuri, lokaci da ɗalibi. Idan kwamiti ya ga yawancin faɗa a baranda yake faruwa bayan cin abincin rana, sai ya ƙara masu sa ido a wurin ko ya sauya lokacin fitowar azuzuwa. Ɗalibin da aka tura sau 2 zuwa 5 a shekara ana duba shi don hawa na biyu, sau 6 ko fiye kuma don na uku.

Wannan ma'auni yana da rauni da ya kamata duk mai karanta rahoto ya riƙe. Takardar tana nuna halin yaro, tana kuma nuna hukuncin malami. Idan aka ce wa malamai su riƙa magance ƙananan laifuffuka a cikin aji, adadin zai sauka ko da yara ba su sauya ba. Shi ya sa binciken kirki yake haɗawa da adadin dakatarwa, halartar makaranta, ra'ayin ɗalibai da lura kai tsaye a aji.

Sakamako a kan ladabtarwa

Gwajin da ya fi nauyi shi ne wanda Catherine Bradshaw da Philip Leaf da abokan aikinsu na Jami'ar Johns Hopkins suka yi a makarantun firamare 37 na jihar Maryland. An raba su ta hanyar ƙuri'a, 21 suka sami horo, 16 suka ci gaba yadda suke. Rahoton 2010 ya nuna raguwar dakatarwa da tura ɗalibai ofis a makarantun da aka horar. Wani rahoto na 2012, da ya bi yara 12,344, ya gano cewa yiwuwar a tura yaro ofis ta yi ƙasa da kashi 33 a waɗannan makarantu, kuma malamai sun ga raguwar faɗa da ƙaruwar natsuwa da taimakon juna. Amfanin ya fi bayyana ga yaran da suka tarar da tsarin tun suna ajin share fage. Cin zali tsakanin yara ma ya yi sauƙi, bisa rahoton malamai. Wani gwajin na 2009 a Hawaii da Illinois ya nuna ma'aikata sun ƙara jin makarantunsu na da aminci.

Yawancin wannan shaida daga firamare take. A manyan sakandare aiwatarwa ta fi wuya kuma ta fi ɗaukar lokaci.

Sakamako a kan karatu

Fatan da ake yi shi ne yaron da bai ɓata lokaci a ofis ba zai zauna a aji, malami kuma zai sami sararin koyarwa. Tunani ne mai ma'ana, sai dai natsuwar aji ba ta koya wa yaro karatu idan koyarwar kanta ba ta da inganci. Gwajin Hawaii da Illinois ya ga alamar ƙaruwar 'yan aji uku da suka kai mizanin karatu, amma masu binciken da kansu sun ce a yi taka-tsantsan da wannan. A Maryland bambancin makin jarrabawa bai kai yadda za a dogara da shi ba. Nazarin Nicholas Gage da abokansa a Connecticut bai ga bambanci ba, nasu na Florida kuma ya ga ɗan ƙari a makarantun da suka aiwatar da tsarin yadda ya kamata.

A 2022 sashen bincike na Ma'aikatar Ilimi ya fitar da sakamakon gwajin ƙuri'a a makarantun firamare 89. Idan aka haɗa ɗalibai duka, ba a ga ci gaba a ɗabi'a ko maki ba. Amma kimanin kashi 15 da suka fi fama da matsalar ɗabi'a tun farko sun gyaru, karatunsu ma ya ɗan ƙaru, sai dai ribar ba ta ɗore ba bayan an janye horon. Wannan bincike yana da daraja ta musamman domin ba waɗanda suka ƙirƙiro tsarin ne suka gudanar da shi ba.

Saɓani

Ɗalibai baƙar fata a Amurka sun daɗe suna shan hukunci fiye da farare. Nazarin Russell Skiba na 2011 a makarantu 364 ya gano ana tura su ofis fiye da ninki biyu a firamare, kusan ninki huɗu a ƙaramar sakandare. PBIS yakan rage hukunci ga kowa, amma sau da yawa gibin yana nan, abin da ya sa cibiyar ta fara matsa wa makarantu su riƙa rarraba bayanansu bisa launin fata. Wasu masu suka, irin su marubucin harkar ilimi Alfie Kohn, suna ganin tikiti da kyauta suna koya wa yaro yin alheri don lada kawai. Magoya baya sun ce ana janye kyautar a hankali. Wasu kuma na cewa tsarin ya fi koyar da biyayya a kan tunani.

A wasu ƙasashe

Norway ta fara nata, mai suna PALS, a 2002. Jihar New South Wales ta Ostireliya da ƙasar New Zealand da Holan su ma sun ɗauke shi a shekarun da suka biyo baya, kowacce da sunan da ta ba shi.