Ɗankwali a ƙarƙashin hular 'yar sanda: me ƙa'idar ta ce, me ta bari a baya

Duk lokacin da hoton 'yar sanda sanye da ɗankwali ya fara yawo a Facebook sai ka ga an dawo da musun nan daga farko, wasu na cewa ai an wajabta hijabi a aikin ɗan sanda, wasu kuma na cewa sam wannan karya doka ne, kuma yawanci duk cikinsu babu wanda ya zauna ya duba abin da aka rubuta ɗin. Toh ga yadda abin yake.

A farkon watan Maris na 2022 Sufeto Janar na 'yan sandan Najeriya na wancan lokacin, Usman Alkali Baba, ya amince da sabon tsarin sutura na mata 'yan sanda, kakakin rundunar na lokacin Muyiwa Adejobi ne ya fitar da sanarwar. Abu biyu aka ba su dama, na ɗaya ɗaura ɗankwali a ƙarƙashin hular aiki, na biyu saka barima, wato ɗan kunnen nan ƙarami da ke manne da kunne ba mai lilo ba. Kuma sanarwar ta faɗa ƙarara cewa ganin dama ne. Wadda ta so ta ɗaura, wadda ba ta so ta ci gaba da shigarta yadda ta saba, babu wanda zai tuhume ta. Sannan ba a ce na Musulma ba ne kaɗai, duk 'yar sandan da ta so. Kuma fa ba dogon hijabi ba ne har gwiwa irin na zuwa Islamiyya kamar yadda wasu suka ɗauka, abu ne da zai rufe gashi hula ta hau kai, an ma ɗora wa manyan jami'ai mata alhakin tabbatar da cewa ana bin samfurin da aka amince da shi, don kar gobe wata ta zo da gyale mai duwatsu ta ce ai an halatta.

Kafin ka gane girman wannan sauyi sai ka leƙa tsofaffin ƙa'idojin aikin ɗan sanda na 1968. A cikinsu an hana 'yar sanda shafa hoda ko janbaki in tana cikin kaki, kayan ado kuma daga zoben aure ko na baiko sai agogo, gashi ma ba a yarda ya sauko kan kwalar riga ba. A can ne kuma aka ce sai ta nemi izini kafin ta yi aure, in ta yi ciki ba aure a sallame ta, wannan na sallamar ma kotun ma'aikata ta soke shi a 2023. Ka ga kenan tun asali an ɗinka kakin ne da namiji a rai, mace ce ake cewa ta lanƙwasa kanta ta shiga.

Masu suka sun kafa hujja da sashe na 10 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin addinin ƙasa, babban lauyan nan na Legas Ebun-Olu Adegboruwa na cikin waɗanda suka fito suka ce a janye tsarin. Damuwarsu ba ta banza ba ce gaskiya, manufar yunifom ai ita ce in ka ga ɗan sanda ka ga hukuma, ba ka ga ɗan ƙabila kaza ko mai addini kaza ba. Sai dai kundin nan guda shi ne yake da sashe na 38 da ya ba kowa 'yancin yin addininsa da bayyana shi a fili, da sashe na 42 da ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda addini ko jinsi. A ganina barin mace ta rufe kanta in ta so bai mai da ƙasa ta wani addini ba, tilastawa ce za ta yi hakan, ko tilasta sakawa ko tilasta cirewa.

Wata uku bayan sanarwar, ranar 17 ga Yunin 2022, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar hijabin ɗalibai na makarantun gwamnatin jihar Legas, alƙalai 5 cikin 7 suka ce hana su saka hijabi tauye haƙƙi ne. Shari'ar ta daɗe, babbar kotun jiha ta goyi bayan gwamnati a 2014, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta juya hukuncin a 2016. Amma a kula, wannan hukunci kan ɗalibai aka yi shi, ba kan 'yan sanda ko sojoji ko nas-nas ba, lauya zai iya kafa hujja da shi amma ba wai ya shiga kowane ofis kai tsaye ya canja ƙa'idar sutura ba ne. Haka ma batun Firdaus Amasa da aka hana shiga bikin rantsar da lauyoyi a Disambar 2017 saboda hijabi, daga baya aka rantsar da ita da hijabinta a 2018, hukumar lauyoyi ce ta sassauta nata da kanta. Kowace hukuma sai ta gyara littafinta.

A waje ma haka aka bi, 'yan sandan Scotland sun saka hijabi cikin kayan aiki a 2016, New Zealand a 2020, na New Zealand ɗin har zama suka yi suka tsara nasu na musamman yadda ba zai zame ba in ana gudu ko kokawa da mai laifi. Wannan shi ne abin da nake so namu su koya, in dai ka ce abu ya zama cikin yunifom to ka ɗinka shi ka raba, kar ka bar ƙaramar ma'aikaciya ta je kasuwa ta sayo da albashinta.

Sai maganar da ba a cika yi ba, yadin kansa. Akwai umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003 da Yemi Osinbajo ya sa wa hannu a Mayun 2017 yana muƙaddashi, ya ce aƙalla kashi 40 cikin 100 na kuɗin da ma'aikatun gwamnatin tarayya ke kashewa kan wasu kaya ya tafi ga waɗanda aka yi a gida, yunifom da takalma na cikin jerin. A 2019 kuma Babban Banki ya haɗa hukumomin masu kaki da masaƙu aka sa hannu kan yarjejeniyar a riƙa yin kakin da yadin gida. Umarnin nan na tattalin arziki ne, ba don muhalli aka yi shi ba, sai dai abin na da alaƙa. Yawancin yadin yunifom mai araha foliyesta ne ko gauraye da ita, ita kuwa daga man fetur ake yin ta, roba ce kawai da aka mayar zare, ba ta ruɓewa in an jefar, duk wanki tana sakin ƙananan zaruruwa cikin ruwa, ga zafi, duk wanda ya ga mai ba da hannu a titin Kano cikin watan Afrilu ya san me nake nufi. Auduga tana shan iska tana ruɓewa, ita ma ba waliyyiya ba ce don tana cin ruwa da maganin feshi, amma dai ana noma ta a Funtuwa da Gusau ba sai ta hau jirgin ruwa ba. Matsalar ita ce masaƙun da za su saƙa ɗin, je ka Kakuri a Kaduna ka ga gine-ginen, masaƙar Kaduna Textiles (KTL) da aka buɗe a 1957 ta rufe tun 2002.

Kuma in kakin ya tsufa ina yake zuwa? Rigar gida za ka ba ɗan'uwa ko ta shiga gwanjo, kakin ɗan sanda ba ya kyautuwa, don saka shi ba izini laifi ne, a 2022 ɗin ma rundunar ta gargaɗi 'yan fim da masu barkwancin intanet kan saka shi. Kenan dole sai dai hukumar da ta raba ta karɓi abinta, a cire baji da maɓallai a yayyanka a yi tsumman goge inji ko cikon katifa. Tarayyar Turai ta wajabta wa ƙasashenta tattara tsofaffin tufafi daban da sauran shara tun 1 ga Janairun 2025, Faransa ma ta hana kamfanoni lalata tufafin da suka yi kwantai tun 2022. Shi umarni na 003 a wajen saye ya tsaya, sanarwar Maris 2022 kuma a ɗankwali da barima ta tsaya, babu ɗaya cikinsu da ya ce ga inda za a kai kakin da ya koɗe.