Wuni Ɗaya A Istanbul Da Ƙafa: Tambayoyi Da Amsoshi

Mutanenmu da yawa suna bi ta Istanbul yanzu, wasu sari ya kai su, wasu asibiti, wasu kuma jirgi ne ya ajiye su za su jira wani sai dare ko gobe. Tambayoyin da ake yawan yi min kusan iri ɗaya ne, to ga su nan na haɗa.

Malam, wai da gaske za a iya ganin Istanbul a wuni ɗaya, kuma da ƙafa?

Istanbul gaba ɗayanta a'a. Gari ne mai mutum sama da miliyan 15, wani ɓangare a Turai wani a Asiya, ruwa ya ratsa tsakani. Amma tsohon garin, inda sarakunan Daular Usmaniyya ta Turkiyya suka zauna, a dunƙule yake wuri ɗaya kuma ƙafa ta fi mota daɗi a wajen, don layukan matsattsu ne ga cunkoso, zaka zauna a tasi kana kallon masu tafiya a ƙasa suna wuce ka. Abin da nake faɗa wa kowa shi ne ka zaɓi layi ɗaya ka bi shi, daga Sultanahmet ka gangaro har bakin ruwa a Eminonu. Wanda ya ce sai ya taɓa ko'ina, hoton ƙofofi kawai zai tara.

To daga filin jirgi fa? Kuma sai da biza?

Eh, mai fasfon Najeriya sai da biza zai fita daga filin jirgi ko da awa biyar zai yi, wannan a gama da shi tun daga gida. Sabon filin jirgin yana da nisa, wajen kilomita 40 daga tsohon gari, akwai jirgin ƙasa na M11 akwai motocin Havaist, ka ware awa ɗaya da rabi zuwa, haka dawowa. Ka sayi katin Istanbulkart ka zuba masa kuɗi, shi ɗaya ne yake shiga bas da jirgin ƙasa da jirgin ruwa. Agogonsu kuma yana gaban namu da awa 2, a gyara waya kar a rasa jirgi.

Daga ina zan fara?

Dandalin Sultanahmet, da sassafe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su sauke mutane. Masallatai biyu ne suke kallon juna, lambu ne kawai tsakaninsu. Na farko Aya Sofiya, an gama gina shi a shekarar 537 zamanin sarkin Rumawa Jastiniyan a matsayin coci, da Sultan Muhammad Alfatih ya ci garin a 1453 ya koma masallaci, a 1934 gwamnatin Ataturk ta mayar da shi gidan tarihi, sai a 2020 aka dawo da salla a ciki. Tun 2024 baƙi masu zuwa kallo suna biyan kuɗi su hau bene, ƙasa kuma na masu salla ne. Ɗayan shi ne masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida wanda aka fara ginawa a 1609, shiga kyauta ne, za ka saka takalminka a leda ka riƙe. Wallahi in ka ɗaga kai ka kalli ƙubbar nan sai wuyanka ya gaji baka sani ba.

Fadar Topkapi ta cancanci lokacin da za ta ci?

Nan ne ake shawara. Fadar ta sarakunan Usmaniyya ce, tana bayan Aya Sofiya, minti biyar a ƙafa, amma tana cin awa biyu zuwa uku kuma tikitinta ba arha. Abin da yake jan Musulmi shi ne ɗakin amanoni, inda aka ajiye kayan da ake jinginawa ga Manzon Allah (SAW) da takubban da ake jinginawa ga sahabbai, yawancinsu an kawo su ne bayan Sultan Salim ya ci Masar a 1517, kuma akwai mai karatun Alƙur'ani a ɗakin kullum. Ni a ganina in wannan ne burinka ka shiga, ka wuce kai tsaye can, ka leƙa bakin katanga ka kalli ruwan Bosfaras da ya raba Turai da Asiya, ka fito. Kar ka tsaya bin kowane ɗaki na tangaran da agoguna, wunin zai tafi. Ranar Talata a rufe take.

Yaya, ni kasuwa ce ta dame ni gaskiya, ina zan nufa?

Hajiya ai kan hanya take. Daga Sultanahmet ki bi titin Divan Yolu wanda jirgin ƙasan T1 yake bi, kamar minti goma sha biyar kin iso Kapalicarshi, babbar kasuwar nan mai rufi da aka fara tun ƙarni na 15, shaguna wajen 4,000. Kamar Kasuwar Kurmi ce aka yi wa rufi aka ninka ta, lungu cikin lungu, ɓata dole ne, sai dai in kin gaji ki tambayi ƙofar Beyazit. Gwal ne da darduma da fitilu da jakunkuna, farashin farko na baƙo ne a taya, in an miƙo miki shayi ki sha ba dole sai kin saya ba. Amma fa ita wannan ta kallo ce da tsaraba, masu sarin kaya na gaske unguwar Laleli suke wucewa, gaba kaɗan kan titin nan dai, kuma wanda ya shiga Laleli da niyyar sari ya manta da yawo, ranar ta ƙare a nan. Lahadi Kapalicarshi a rufe take.

Salla fa, ba za ta katse min tafiya ba?

Ita ce ma za ta tsara maka tafiyar. Duk inda ka juya masallaci ne da famfunan alwala a jere. Ka yi dabara Azahar ta same ka a masallacin Sulaimaniyya, tafiyar minti goma zuwa sha biyar daga kasuwa, hawa ne kaɗan. Shahararren maginin nan Mimar Sinan ne ya gina wa Sultan Sulaiman shi tsakanin 1550 da 1557, kabarin sarkin yana nan a harabar. Ni duk cikin masallatan nan shi ya fi kwanta min, ba turmutsutsu, ga fili a bayansa inda zaka zauna kana ganin ruwa da jirage da ɗaya ɓangaren garin. A gaban masallacin akwai masu sayar da wake da shinkafa, an san wurin da shi, abincin rana ya samu. Abu ɗaya, lokutan salla suna motsi sosai, a watan Yuni Magariba tana kaiwa bayan ƙarfe takwas da rabi, a Disamba kuwa kafin shida rana ta faɗi, wunin gajere ga sanyi da ruwan sama.

Daga nan sai ina?

Sai gangara, ƙafa ta huta. Layukan da suka sauka Eminonu cike suke da 'yan tireda da masu tura kaya, ka bi su kawai ƙasa za su kai ka Kasuwar Masar ta kayan ƙamshi da dabino da alawar lokum. La'asar a masallacin Yeni Jami, yana manne da ita. Sai gadar Galata, masu fatsa a jere a sama, masu burodi da kifi a gefen ruwa. In da sauran ƙarfi ka tsallaka ka hau zuwa hasumiyar Galata ta 1348, amma hawan nan ba wasa ba ne, mai ciwon gwiwa ya shiga Tunel, ɗan jirgin ƙarƙashin ƙasa da yake aiki tun 1875, ya haura da shi bakin titin Istiklal. In kuma ƙafa ta ce ta gaji, ka shiga jirgin ruwa daga Eminonu zuwa Uskudar, minti ashirin bai cika ba kana Asiya, kuɗin kamar na bas.

An ce akwai kabarin sahabi a garin, ƙafa za ta kai?

Akwai, Abu Ayyub Al'ansari, wanda ya sauki Manzon Allah (SAW) a gidansa lokacin hijira, ya rasu a yaƙin da aka kai wa garin zamanin Mu'awiya. Unguwar ana kiranta Eyup Sultan. Da ƙafa ta yi nisa ga mai wuni ɗaya, ka hau jirgin T5 daga Eminonu yana bin bakin ruwa har can. In zaka je to ka haƙura da Galata, biyun ba za su shiga yamma ɗaya ba.

Akwai 'yan damfara?

Wane babban gari ne babu. Mai goge takalmi zai yar da burushinsa a gabanka kamar bai sani ba, ka ɗauka ka miƙa masa, ya ce sai ya goge maka don godiya, ƙarshe ya tsuga kuɗi. Wani zai tare ka da fara'a ya ce masallaci a rufe yake zo ka ga shagon yayana tukuna, darduma ce. Tasi kuma a tabbatar an kunna mita. A cikin T1 da kasuwa a riƙe waya da fasfo da kyau.

Wane takalmi zan sa?

Kambas ko wani mai laushi da ka saba da shi, wanda yake cirewa da sauƙi tunda masallatai zaka yi ta shiga. Layukan duwatsu ne aka jera ga tudu da gangare, silifas ko sabon takalmi zai ba ka wahala tun kafin Azahar. Akwati a bar shi a ma'ajiyar filin jirgi ko otal, 'yar jaka da ruwa da cajar waya sun isa.