Maganin Metotireksat: Amsoshin Tambayoyin da Na Gaji da Maimaitawa

Na daɗe ina aikin harhaɗa magunguna a Kaduna, kuma babu maganin da ya sa ni maimaita magana ɗaya kamar wanda ake rubuta Methotrexate a jikin kwalinsa, mu kuma muke kiransa metotireksat. Ma'aikatan jinya sun tambaye ni, masu shara a ɗakunan marasa lafiya sun tambaye ni, 'yan'uwan majinyata daga Rigasa da Kawo da Tudun Wada sun tambaye ni, kuma tambayoyin ba sa sauyawa. Na tattara su a nan domin duk wanda ya sake kawo ɗaya daga cikinsu in ce masa ya je ya karanta.

Wane irin magani ne wannan da ake tsoronsa haka?

Magani ne da ke hana ƙwayoyin halittar jiki amfani da folik asid, wanda sai da shi suke iya rabuwa su yawaita. Ana ba masu wasu nau'o'in ciwon daji, da masu amosanin gaɓɓai, da masu wata cutar fata mai sa ɓawo, da macen da ciki ya zauna mata a wajen mahaifa. Matsalarsa ita ce bai san bambancin ƙwayar daji da ƙwayar ɓargo, ko ta cikin baki da hanji, ko ta ɗan tayi ba.

Kullum ake shan sa?

A'a. Mai amosanin gaɓɓai da mai cutar fata sau ɗaya suke sha a mako, a rana ɗaya tak. Wannan kuskure na shan sa kullum ya kashe mutane a ƙasashen da suka fi mu kayan aiki, don haka kada wani ya ce mini abin wasa ne. Nakan ce wa mutane su zaɓi Juma'a, domin ba a taɓa mantawa da ita, su rubuta ranar da babban baƙi a jikin kwalin. Masu ciwon daji kuwa tsarinsu daban ne, likitansu ne ke tsara shi, kuma ba ruwan kowa da kwaikwayonsa.

Folik asid ɗin da aka haɗa mini da shi fa?

Ki sha shi a ranar da likita ya ce, wadda galibi ba ranar metotireksat ba ce. Abin da nake so ki lura da shi, Hajiya, shi ne ƙwayoyin biyu ƙanana ne kuma sau da yawa dukansu rawaya ne: metotireksat mai miligiram 2.5 da folik asid mai miligiram 5. Na taɓa karɓar wata farar leda daga hannun wani dattijo wanda jikarsa ta ɓare masa magungunan duka ta zuba wuri ɗaya don ta sauƙaƙa masa. Na zazzage su a faranti a ƙarƙashin fitila, ni kaina da nake ganinsu kullum sai da na kasa rantsuwa a kan wanne ne wanne, dole muka ware ledar gaba ɗaya aka ba shi sababbi. Ku bar kowane magani a cikin takardarsa da kwalinsa.

Zan iya raba ƙwayar biyu ko in daka ta don Baba ba ya iya haɗiya?

Kada ka raba, kada ka daka. Garin da ke tashi za ka shaƙa, zai kuma maƙale a cokali da turmi. Ka koma wurin likita ko mai harhaɗa magani a nema wa Baba wata hanya.

Kwalbar allurar ta faɗi ta fashe. Me za mu fara yi?

Ku fara da hana mutane bi ta wurin, sannan ku kashe fanka. Na fi damuwa da masu shara a wannan lamari, domin su ne ake kira a ce su zo su goge ba tare da an gaya musu abin da ya zube ba, su zo da tsintsiya da tsumman da za su goge sauran ɗakin da shi. Wannan rashin adalci ne, kuma laifin wanda ya kira su ne. Wanda zai share ya sa safar hannu biyu, ɗaya kan ɗaya, da riga mai dogon hannu wadda ruwa ba ya ratsa ta, da takunkumi da tabarau. Idan ruwan magani ne, a ɗora busasshen ƙyalle ko auduga ya tsotse shi. Launinsa rawaya ne, don haka ana ganin iyakarsa. Idan gari ne, a jiƙa ƙyalle a lulluɓe shi a hankali, domin tsintsiya tayar da shi take yi sama. A kwashe fasassun kwalba da guntun kwali, ba da yatsu ba, a zuba a akwatin allurai. A goge daga gefe zuwa tsakiya, a wanke wurin da sabulu da ruwa sau uku, kowane sau da sabon ƙyalle. Sifirit ba ya kashe maganin, baza shi kawai yake yi. Duk abin da aka yi amfani da shi, har safar hannun, a sa a leda biyu a ɗaure a rubuta a jiki. Mace mai ciki ko mai shayarwa ba ta shiga wannan aiki, ko da ita kaɗai ce a bakin aiki; ta rufe ƙofa ta kira wani.

Ya taɓa mini fata, ko ya fantsa mini a ido.

Ki cire tufar da ya ɓata, ki wanke fatar da sabulu da ruwa mai yawa ba tare da kin kankare ta ba. Ido kuma a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta na tsawon minti 15, kuma ki duba agogo, domin abin da mutane ke kira minti 15 yawanci bai wuce biyu ba. Bayan haka a duba idon a asibiti. Idan allura ce ta soke ki, ki wanke wurin ki sanar da shugaban sashe a rubuta. Ki kwantar da hankalinki, taɓawa sau ɗaya da aka wanke nan take ba ta cika barin illa ba. Abin da muke gudu shi ne taɓawa kaɗan-kaɗan shekara da shekaru babu safar hannu.

Ina jinyar uwar mijina a gida, ana ba ta wannan magani, ni kuma ina da ƙaramin ciki wanda ban gaya wa kowa ba. Ni ke wanke mata komai. Ya zan yi?

Wannan ita ce tambayar da ba ni da gajeriyar amsa a kanta, kuma duk wanda ya ba ki amsa ɗaya tak bai saurare ki da kyau ba. Da farko, kasadar da aka tabbatar ga ɗan tayi, wato ɓari da nakasa, tana kan macen da ta sha maganin ko aka yi mata allurarsa. Abin da ke shiga jikin mai jinya ta fata ya yi ƙasa da wannan nesa ba kusa ba, saboda haka idan kin riga kin yi makonni kina wanki, kada ki zauna kina kuka, ki dai faɗa wa masu awon ciki su rubuta a katinki. Amma ƙarancin kasada ba rashinta ba ne, kuma watanni ukun farko ne gaɓoɓin jariri ke haɗuwa, shi ya sa a asibiti muke janye ma'aikaciya mai ciki daga wannan aiki gaba ɗaya.

Na biyu, ya danganta da yawan abin da ake ba Hajiya. Ƙwayoyi kaɗan sau ɗaya a mako daban ne da babban adadin da ake ƙara wa mai ciwon daji ta jijiya. A kowane hali, mafi yawan maganin ta fitsari yake fita, kusan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, kuma akasarinsa a cikin kwana ɗaya na farko. Shi ya sa ake cewa a yi taka-tsantsan na awa 48 bayan kowane shan magani, wasu asibitocin kuma sukan ƙara zuwa mako guda. Idan Hajiya ranar Juma'a take sha, to Juma'a da Asabar zuwa safiyar Lahadi su ne kwanakin da nake so wani ya karɓe ki, ko ƙanwar miji ko wata 'yar'uwa. Na san kunyar ciki, musamman na fari, kuma na san nauyin cewa suruka ba za ki wanke mata fo ba. Sai dai ba dole ne ki sanar da gida duka ba. Ki gaya wa maigidanki, shi ya tsara, ko ki zo da shi wurinmu mu ce umarnin asibiti ne, wanda kuwa gaskiya ne.

Idan kuma babu kowa sai ke, to ba ki taɓa ƙwayar da hannu: ki tura ta daga takardarta zuwa ƙaramin kofi Hajiya ta ɗauka da kanta. Ki sa safar hannu duk lokacin da za ki taɓa fitsari, amai, bayan gida ko zanen da suka ɓata, ki wanke hannu da sabulu bayan kin cire ta. Fo da bokitin Hajiya su zama nata ita kaɗai. Idan banɗakin mai ja ne, a rufe murfi a kora sau biyu. Idan masai na rami ne, a zuba a hankali don kada ya fantsa, a kora bakinsa da ruwan sabulu. Zannuwan da suka ɓaci a wanke su daban, sau biyu, a zuba ruwan wankin a masai, ba a tsakar gida ba inda yara ke rarrafe. Ban ce wannan ya kawar da kasadar duka ba, amma ya rage ta sosai.

Abu na ƙarshe, kuma ina faɗarsa ne saboda na ga gidajen da aka wuce gona da iri: cin abinci tare da Hajiya, zama kusa da ita, riƙe hannunta, ba ta jika ta ɗauka, duk babu laifi. Ba a ware mata kwano kamar mai cuta mai yaɗuwa.

Yaro ya haɗiye ƙwayoyin, ko an sha kullum bisa kuskure, amma mutumin lafiyarsa ƙalau.

Wannan "lafiyarsa ƙalau" ita ce take kashewa. Illar maganin ba ta bayyana a ranar. Sai bayan kwanaki ake ganin gyambo a baki, ciwon maƙogwaro, zazzaɓi, gudawa ko jini a dasashi, lokacin ɓargo ya riga ya taɓu. Ku ɗauki kwalin maganin ku tafi babban asibiti yanzu, kamar Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ku faɗi adadin da aka sha da lokacin. Kada ku sa shi amai, kada ku ɗura masa manja ko madara. Akwai makari, sunansa folinik asid, kuma amfaninsa raguwa yake yi da kowace awa da ta wuce. Ba shi ne folik asid ɗin da ke gidanku ba, ko da sunan ya yi kama, kuma wannan ba ya maye gurbin wancan.

Zazzaɓi ne kawai, ba zan iya zuwa kemis ba?

Ba za ka iya ba. Zazzaɓi a jikin mai shan metotireksat gwajin jini yake buƙata a ranar. Mai kemis zai iya miƙo maka Septrin ko Fansidar, waɗanda su ma folik asid suke tarewa, haɗuwarsu da wannan magani na iya durƙusar da ɓargo. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak kuma suna rage fitarsa ta ƙoda, don haka ba a shan su sai likitan ya sani. Busasshen tari da ƙarancin numfashi su ma asibiti ake kai su.

Yaushe za mu iya neman haihuwa bayan an daina?

Mace ta jira wata 6, namiji aƙalla wata 3, kuma a yi shawara da likita kafin nan. Mai shan sa ba ta shayarwa.

Ina zan ajiye shi, kuma ya zan yi da ragowar?

A wuri mai sanyi da duhu wanda yara ba sa kaiwa, ba cikin mota ko kan taga ba, musamman a zafin Maris da Afrilu. Ragowar kuwa ku mayar da ita inda kuka karɓa. Ba a zuba ta a kwata, wadda ruwanta Kogin Kaduna yake nufa, ba a jefa ta a bola inda yara ke tsince-tsince, ba a ƙona ta da shara a bayan gida, domin irin wannan magani sai tanda ta musamman mai zafin da ya haura digiri 1000.

Maƙwabciyata na ciwon gwiwa, zan iya ba ta kaɗan daga nawa?

A'a.