Waiwaye: Tallafin Sufuri Da Talakan Da Ke Takawa A Ƙafa

Duk wanda ya yi sammako a Kano cikin shekarun nan ya ga leburori da masu neman aiki suna takawa a ƙafa zuwa Sharaɗa, Bompai ko Kantin Kwari, don kuɗin adaidaita zuwa da dawowa zai cinye abin da za su samo. Matsalar ta daɗe, haka ma maganin da gwamnatoci ke kawo mata.

Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na SAP da aka shigo da shi a 1986, motocin haya suka yi ƙaranci, kayan gyara suka yi tsada. A 1988 gwamnatin Babangida ta fito da shirin sufurin jama'a a birane, aka raba wa jihohi da ƙungiyoyi bas-bas. Kafin a je ko'ina da yawansu sun kwanta a gareji, acaɓa ya cike gurbin. Zamanin Obasanjo aka kafa NAPEP a 2001 don yaƙi da talauci, daga nan keke mai ƙafa uku ya samu sunansa na Keke NAPEP.

Kano ta bi tata hanyar. A 2005 gwamnatin Shekarau ta kawo kekunan A Daidaita Sahu domin mata, lokacin da aka hana su hawa acaɓa. Niyyar farko ke nan: mace ta je asibiti ko kasuwa cikin mutunci da rahusa. Sai ga harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero a Janairun 2013, aka haramta acaɓa a birnin, adaidaita ya zama abin hawan kowa. Ya samar wa dubban matasa sana'a, wannan ba a musu. Amma direban da ke biyan balas kullum, ga mai ga haraji, ba shi da halin yi wa kowa ragi.

Sau biyu cire tallafin mai ya sake tayar da maganar. A Janairun 2012 lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, aka yi zanga-zanga ta sauko 97, aka kafa SURE-P, shirin zuba kuɗin tallafin da aka cire cikin ayyukan jama'a, aka sake sayo motoci. Na 29 ga Mayun 2023 ya fi zafi: daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, a 2024 ta haura dubu. Legas ta rage rabin kuɗin bas ɗin gwamnati na wani lokaci, Kwara da Edo suka rage ranakun zuwa ofis, Borno ta zuba motoci masu ɗaukar mutum a naira 50. Na Borno ya burge ni, domin ya taɓa aljihun fasinja kai tsaye. Sauran kuwa mafi yawa ma'aikaci mai albashi suka duba, alhali wanda bai samu aikin ba tukuna shi ya fi buƙatar kuɗin motar zuwa nema.

Abin da ke ci mini rai shi ne ƙauye, inda bas ɗin gwamnati ba ya leƙawa. Can tsarin da ya fi amfani bai zo da bikin ƙaddamarwa ba. A jihohi irin su Jigawa, Katsina, Yobe da Zamfara an horar da direbobin NURTW, ƙungiyar direbobin motocin haya ta ƙasa, su ɗauki mace mai naƙuda zuwa asibiti ko da tsakar dare ne, iyalinta su biya kuɗin mai kawai. Ladan direba shi ne idan ya dawo tasha a ba shi lodi ba tare da bin layi ba. An tsara shi lokacin da lita ba ta kai naira 100 ba, yanzu kuwa kuɗin man nan shi kansa ya fi ƙarfin magidanta da yawa.