Faifan Garmaho: Asalinsa, Tsabtace Shi da Na'urar Juya Shi

Faifan garmaho wani zagayayyen faranti ne mai faɗi, galibi baƙi, wanda ake adana sauti a kansa cikin wata siririyar tsaga da ke nannaɗe daga baki zuwa tsakiya. Idan faifan yana juyawa, allura tana bin tsagar, tana karkarwa gwargwadon lanƙwashe-lanƙwashen da ke jikin bangonta, daga nan na'ura ta mayar da karkarwar zuwa sauti. Sunan ya haɗa kalmomi biyu: faifai, saboda kamarsa da faifan kaba da mata ke rufe ƙwarya da shi, da garmaho, wadda aka aro daga sunan na'urar a bakin Turawa. Kalmar faifai ta ci gaba da rayuwa bayan na'urar ta ja baya, shi ya sa har yau ake cewa faifan CD da faifan bidiyo.

Tarihi

A shekarar 1877 Thomas Edison ya ƙera na'urar farko da ke ɗaukar murya ta kuma maimaita ta, amma a kan gwangwani mai siffar ganga take rubutu. Faifai shimfiɗaɗɗe aikin Emile Berliner ne, Bajamushen da ya yi ƙaura zuwa Amurka, wanda ya yi rajistar fasaharsa a 1887. Abin da ya ba faifansa galaba shi ne sauƙin bugawa: daga uwa ɗaya ta ƙarfe ana iya danna kwafi masu ɗimbin yawa, kamar yadda ake buga hatimi.

Daga wajajen tsakiyar shekarun 1890 aka koma yin faifai da shalak, wani ƙaro da wani ɗan ƙwaro ke fitarwa a jikin bishiyoyi a Indiya da Tailan, ana cuɗa shi da garin dutse. Irin wannan faifan yana da nauyi, kuma idan ya faɗi sai ya tarwatse kamar tangaran. Saurin juyawarsa ya daɗe yana bambanta daga kamfani zuwa kamfani, sai wajajen 1925 ya tsaya a kan juyi 78 a minti. Faifai mai faɗin inci 10 ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti uku a kowace fuska, kuma wannan iyaka ta yi tasiri a kan tsawon waƙoƙin zamanin. Garmahon lokacin da hannu ake murɗa shi, allurarsa ta ƙarfe ce, ana sayar da ita cikin 'yan gwangwanaye, ana kuma so a canza ta bayan kowace fuska ɗaya ko biyu, domin garin dutsen da ke cikin faifan yana cinye bakinta.

Yaƙin Duniya na Biyu ya toshe hanyar shalak daga Asiya. Daga 1943 gwamnatin Amurka ta riƙa aika wa sojojinta fayafayan da ake kira V-Disc, waɗanda da yawansu da robar binil aka yi su don kada su fashe a hanya. Wannan roba, dangin PVC ce, wato robar da ake yin bututun ruwa da ita, tana da santsi, tana kuma karɓar tsaga siririya fiye da shalak. A watan Yunin 1948 kamfanin Columbia ya fito da faifan LP, wato mai dogon zango, mai inci 12, mai juyi 33 da sulusi a minti, wanda ke ɗaukar sama da minti ashirin a fuska guda. Injiniya Peter Goldmark ne ya shugabanci sashen binciken da ya yi aikin. Kamfanin RCA Victor, wanda ya taɓa gwada wannan sauri a 1931 bai yi nasara ba, ya mayar da martani a 1949 da ɗan ƙaramin faifai mai inci 7 da juyi 45. Bayan 'yan shekarun gasa kasuwa ta raba musu aiki, babba ya zama na kundin waƙoƙi, ƙarami ya zama na waƙa ɗaya a kowace fuska.

Abubuwa biyu suka biyo baya waɗanda har yau kowane mai sayen na'ura ke cin karo da su. Na farko shi ne ma'aunin RIAA na 1954, mai ɗauke da sunan ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka. Wajen yanka faifai ana rage ƙarfin sauti mai kauri don tsagar kada ta ci wuri, ana kuma ƙara ƙarfin siririn sauti don ya rinjayi ƙarar robar. Wajen saurare sai a juya lissafin. Kafin a daidaita a kan wannan ma'auni kusan kowane kamfani da nasa yake yi. Na biyu shi ne sitiriyo, wato raba sauti zuwa dama da hagu, wanda ya bazu a kasuwa a 1958, duk da cewa Alan Blumlein na kamfanin EMI a Ingila ya yi rajistar dabarar tun 1931. Tsagar tana da siffar V, bango ɗaya yana ɗauke da sautin dama, ɗayan na hagu.

A Najeriya kamfanoni irin su EMI da Decca da Philips sun yi harkar faifai daga Legas, kuma waƙoƙin mawaƙan Hausa kamar Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos sun fito a kansa. Gidajen rediyo sun tara fayafayai masu yawa a ɗakunan ajiyarsu. Kaset ne ya fara ture faifan garmaho, don arha da sauƙin kwafa, sannan CD da kamfanonin Sony da Philips suka fitar a 1982.

Daga ƙarshen shekarun 2000 cinikin faifan roba ya sake tashi a Turai da Amurka da Japan. A 2022 yawan fayafayan roba da aka sayar a Amurka ya zarce na CD, karo na farko tun 1987.

Abin da ke lalata faifai

Faɗin tsagar faifan LP bai kai kaurin gashin kai ba a mafi yawan wurare, tsawonta kuwa a fuska ɗaya ya doshi rabin kilomita. Ƙwayar ƙura guda da ta faɗa ciki, a wurin allura dutse ce a tsakiyar hanya. Ita ce ke kawo ƙaras-ƙaras da tas-tas ɗin da aka san faifai da su, kuma idan ƙurar tana da yashi, allura za ta ja ta tana kankare bangon tsagar. Abin da aka kankare ba ya dawowa, wanki kuma ba ya gyara shi.

Roba tana tara cajin lantarki idan aka goge ta, ko da zaro ta ne daga rigarta ta takarda, cajin kuma yana jan ƙura kamar maganaɗisu. Abin ya fi tsanani idan iska ta bushe, don haka lokacin hunturu shi ne mafi wuya ga mai fayafayai a ƙasar Hausa: hazo ya shigo da ƙura, bushewa ta liƙa ta. Damina kuma da nata, domin laima tana sa funfuna ta tsiro a rigar kwali ta gangara cikin tsaga. Maiƙon yatsa yana riƙe datti, shi ya sa ake kama faifai ta bakinsa da kuma takardar tsakiya kawai. Zafi yana tanƙwara shi. Faifan da aka manta a mota da rana tsaka yakan fito ya karkace kamar ganyen da ya yi yaushi. A tsaye ake jera fayafayai kamar littattafai, nesa da taga, ba a ɗora su kan juna.

Tsabtacewa

Tsabtar yau da kullum busasshiya ce. Ana aza buroshi mai zaren kabon a hankali a kan faifai yana juyawa, a bar shi ya zagaya sau biyu ko uku, sannan a ɗauke ƙurar zuwa baki. Wannan yana kwashe abin da ke sama ne kawai. Goge faifai da gefen riga ko hankici ko takardar bayan gida yana tura ƙura ciki, ya bar ƙananan zane.

Faifan da aka sayo na hannu, ko aka zaƙulo daga akwatin tsofaffi, yana bukatar wanki. Ruwan da ya dace shi ne wanda aka tace ta hanyar tururi ko aka cire masa gishirin ma'adinai, domin ruwan famfo da na rijiya suna barin farin saura idan sun bushe. Wanda zai sayi ruwan batir don wannan aiki ya tabbatar zalla ne, ba wanda aka haɗa da asid ba. Ana ɗiga ɗan sinadarin da ke sa ruwa ya ratsa tsaga maimakon ya tsaya a sama yana ƙwallo. Ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya daɗe yana amfani da wani irin wannan sinadari mai suna Tergitol a tsarma sosai. Ana shafa ruwan da buroshi mai laushi ana bin zagayen tsagar, ba a ƙetare ta, ana kiyaye takardar tsakiya kada ta jiƙe. Daga nan a ɗauraye da tataccen ruwa zalla, a tsane da ƙyalle mai laushi marar zubar da zare, a jingine shi a inuwa har ya bushe ƙarau. Mayar da wankakken faifai cikin tsohuwar rigarsa mai ƙura aikin baban giwa ne, gara a sa masa sabuwa mai rufin leda daga ciki.

Batun sifirit akwai saɓani: wasu suna zuba kaɗan a ruwan wankin faifan roba, wasu suna gudunsa. Inda babu saɓani shi ne faifan shalak mai juyi 78, domin sifirit narkar da shalak yake yi. Wannan ya kamata duk wanda ya gaji tsofaffin fayafayai ya riƙe, tunda irinsu ba a ƙara bugawa, wata waƙar ma ƙila ba ta rage a ko'ina ba sai a kan wannan faifan da ke hannunsa. Omo, fetur, kananzir da ruwan goge gilashi ba su da wuri a nan.

Akwai na'urorin wanki iri-iri. Mafi sauƙi ɗan kwami ne mai buroshi biyu da ake juya faifai a ciki da hannu, irin Spin-Clean. Sai masu zuƙe ruwa, waɗanda ke janye ruwan tare da dattin kafin ya bushe. Na kamfanin Keith Monks a Ingila, da suka fito wajajen ƙarshen shekarun 1960, an yi su ne da farko don gidajen rediyo irin BBC. Na baya-bayan nan suna girgiza ruwa da sautin da kunne ba ya ji, galibi kusan bugu 40,000 a daƙiƙa, sai ƙananan kumfa su fashe cikin tsaga su ɓamɓare datti.

Allura ma tana son shara, da ɗan buroshi, daga baya zuwa gaba kawai.

Na'urar juya faifai

Aikin na'urar shi ne ta juya faifai da sauri marar tangarɗa, ta kuma riƙe allura a tsaga ba tare da wata girgiza ta shigo daga waje ba. Hanyoyin juya farantin da ake aza faifai a kansa uku ne. Tsofaffi irin Garrard 301 da Thorens TD 124 na shekarun 1950 suna da ɗan tayar roba tsakanin inji da faranti. Masu bel, irin Linn Sondek LP12 da Rega Planar 3 na shekarun 1970, suna raba inji da faranti da zoben roba, wanda ke shanye girgiza amma yana saki idan ya tsufa, sai a canza. A na uku farantin yana zaune a kan injin kai tsaye. Mafi shahara shi ne Technics SL-1200 na Japan da ya fito a 1972, wanda masu haɗa kiɗa a wuraren rawa da gidajen rediyo suka runguma saboda juriyarsa. An dakatar da ƙera shi a 2010, aka dawo da shi a 2016. Wace hanya ta fi daɗin sauti, masu sha'awa ba su daidaita ba.

Abin da ya fi shafar lafiyar faifai shi ne hannun na'urar da kan allura, wato ɗan akwatin da ke riƙe da allura yana mayar da karkarwarta lantarki. Hannu mai kyau yana da ƙarfen awo a bayansa da ake murɗawa a daidaita nauyin da allura ke dannawa, galibi tsakanin giram 1.5 da 2.5, bisa abin da maƙerin ya rubuta. Nauyin da ya yi kaɗan ma ɓarna ne, domin allurar za ta riƙa tsalle tana dukan bangon tsaga. 'Yan na'urori masu arha da ke zuwa cikin akwati da lasifika a jiki sukan danna da giram biyar ko fiye, ba a kuma iya daidaita su. Tsohuwar dabarar aza kwabo a kan hannu don allura ta daina tsallake layi ta cinye fayafayai da yawa.

Kan allura galibi iri biyu ne. A ɗaya maganaɗisu ne ke motsi kusa da naɗin waya. Ya fi arha, ana kuma iya zare allurar a sa sabuwa. A ɗayan naɗin wayar ne ke motsi, lantarkin da yake fitarwa ya fi rauni kusan sau goma, kuɗinsa ya fi yawa. Bakin allurar daimon ne, ana fiƙe shi zagayayye ko mai siffar ƙwai ko siriri sosai irin wanda ake kira Shibata. Siririn ya fi bin tsaga a kusa da tsakiyar faifai, inda saurin wucewarta ke sauka daga kimanin santimita 50 a daƙiƙa zuwa kusan 20, sautin ya cushe a ɗan wuri. Ana ƙiyasta rayuwar allura da awa 500 zuwa 1,000, gwargwadon siffarta da tsabtar fayafayan. Faifan shalak yana bukatar allura ta daban mai kauri.

Saboda ma'aunin RIAA da kuma raunin lantarkin, ba a jona na'urar kai tsaye da kowace kafa ta amfilifaya. Sai dai kafar da aka rubuta PHONO, ko a sa ɗan akwatin ƙara ƙarfi a tsakani. Wasu sababbin na'urori suna da shi a ciki. Siririyar wayar da ke raka manyan wayoyi biyu ta ɗaurawa ce a jikin amfilifaya, in ba haka ba a ji gurnani a lasifika. Ana aza na'urar a teburi mai ƙarfi da ya miƙe daidai, ba a kan wanda lasifika ke kai ba.

Mai sayen na hannu a Najeriya ko Nijar yana da ƙarin abin dubawa. Wutar ƙasashen nan kimanin bolt 220 zuwa 230 ce mai bugu 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa bolt 120 ce mai bugu 60. Taransifoma tana gyara ƙarfin wutar, amma idan injin na'urar irin mai bin bugun wuta ne, wadda aka yi don Amurka za ta juya faifan LP kusan sau 28 a minti, murya ta yi kauri tana jan jiki, sai an canza ɗan kan injin da bel ke hawa. Irin wannan inji kuma yana bin hawa da saukar janareta. Na'urorin da ke da da'irar kwaz mai daidaita sauri ba su da wannan matsala.