Bishop, dikon da maganar shahada a ikilisiyar farko

Tambayoyin nan kullum su ake maimaita min bayan sujada. Ga amsa, don Allah a karanta kafin a sake tare ni a bakin ƙofa.

Wa ya fara yin shahada?
Istifanus. Buɗe Ayyukan Manzanni 7. Jifansa aka yi, kuma ba manzo ba ne, yana cikin mutum bakwai ɗin da aka zaɓa saboda rabon abincin gwauraye.

Dikon ai ƙaramin muƙami ne ko?
Haba jama'a, wa ya gaya muku? Kuɗin ikilisiya da abincin talakawa a hannunsu suke. A shekara ta 258 bayan haihuwar Yesu da aka kashe Sistus na 2, bishop ɗin Roma, tare da dikononinsa aka kashe shi, kwanaki kaɗan dikon Lawurens ya bi su.

Idan tsanani ya zo, shugaba ya gudu ko ya tsaya?
Wannan kam ba ta da amsa ɗaya, kuma ina jin zafin yadda wasu ke zagin faston da ya kwashe iyalinsa ya bar gari. Yesu da bakinsa a Matiyu 10:23 ya ce in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wancan. Sifiriyan bishop ɗin Kartaj, Tunisiya ta yau, ya ɓuya a 250 lokacin da sarki Desiyus ya ce kowa sai ya yi hadaya ga gumaka ya karɓi takardar shaida, an yi ta gulmarsa, amma daga maɓoyarsa yana aika wasiƙu da kuɗin taimako, sannan a 258 ya tsaya aka fille masa kai. Polikap bishop ɗin Simirna, a Turkiyya ta yau, shi ma sai da ya koma wata gona kafin a kama shi. Shi kuwa Kwintus, wani Kirista a zamanin Polikap da ya kai kansa ga hukuma da zumuɗi, yana ganin namun dajin da za a jefa shi gabansu ya tsorata ya yi hadayar. To ya danganta, in kai kaɗai ake nema tafiyarka na iya sauƙaƙa wa jama'a, in kuwa garken ne gaba ɗaya cikin haɗari ba mai yi musu baftisma ko jana'iza, barinsu abu ne mai nauyi. Ni dai ba zan yanke wa kowa hukunci daga inuwa ba.

Bishop da dattijo ɗaya ne?
Da farko kusan ɗaya, duba Titus 1. Zuwa zamanin Ignatiyus bishop ɗin Antakiya an raba: bishop ɗaya, dattawa, sai dikononi.

Mata fa?
Fibi mace ce kuma dikon ce, duba Romawa 16:1. Na faɗa ya fi sau goma.